Kaya sun yi ƙaranci a ɗakin jinya: me za a sassauta, me ba a sassautawa?

Tambaya: Wata ma'aikaciyar jinya da ba ta daɗe da gama makaranta ba, tana aiki a ɗakin matan da aka yi wa tiyata a wani babban asibiti, ta rubuto cewa: "A makaranta an koya mana wankin ciwo da sa robar fitsari da sa kanula (ƙaramar robar da ake sawa a jijiya) ta yadda ƙwayar cuta ba za ta shiga ba. Da na kama aiki sai na tarar marasa lafiya sun fi talatin, fakitin wankin ciwo bai fi biyar ba, famfo ma wata rana babu ruwa. Na gaba da ni sun ce in sa safar hannu kawai, ai kowa yana kan maganin kashe ƙwayoyin cuta. Shin abin da aka koya mana na cin jarrabawa ne kawai? In ba haka ba ne, me zan riƙe?"

Amsa: Ƙanwata, sannu da aiki, Allah ya ba da lada. Abin da aka koya miki ba na jarrabawa ba ne. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ya nuna cewa cikin kowane mutum 100 da aka kwantar a asibiti a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kimanin 15 suna kamuwa da wata cutar da ba da ita suka zo ba, a ƙasashe masu arziki kuwa 7 ne, kuma cikin goman da suka kamu ɗaya yana rasa ransa. A ɓangarenki ma abin ya fi tsanani, domin hukumar ta ce a Afirka matan da ciwonsu ke ruruwa bayan tiyatar haihuwa suna iya kai wa 20 cikin 100. Matar da ɗinkinta ya buɗe yana zubar da mugunya a rana ta shida, jaririnta na kuka a gefe, mijinta ya sayar da akuya don sayen allurai, ita ce wannan lissafin.

Sai dai gaskiya ce ba duk ƙa'idojin da ke cikin littafi ne nauyinsu ɗaya ba. Idan kika gane dalilin kowace, za ki san wadda za ki iya canja wa salo saboda rashin kaya, da wadda ba a taɓa ta ko da ke kaɗai ce a aikin dare.

Tushen abin ɗaya ne. Fata katanga ce. Duk inda muka huda ta ko muka tsallake ta, wato bakin ciwo, wurin da allura ta shiga, mafitsarar da muka zura wa roba, mun buɗe ƙofar da jiki ba shi da mai gadi a kanta. Kuma a jikin kowane kayan aiki akwai ɗan yankin da zai taɓa wannan ƙofa: tsinin allura, bakin sirinji, bakin layin ƙarin ruwa da tsinin da ke huda leda, kan almakashi da hantsaki, fuskar gozin da za ta kwanta a kan ciwo, tsawon robar fitsari da zai shiga ciki. Waɗannan wurare su ne amanarki. Kada su taɓa komai sai abin da shi ma ba shi da ƙwayar cuta: ba yatsanki ba, ba zanen gado ba, ba tiren da kika goge da auduga ba. Kafin ki fara kowane aiki, tsaya ki lissafa su a zuciyarki. Mai wannan ɗabi'a tana iya yin aiki mai kyau da kaya kaɗan. Wadda ba ta da ita kuwa, ko an cika mata kabad da kaya, za ta gurɓata su.

Mu fara da hannu, tunda a nan aka ce miki safa ta wadatar. A 1847, a babban asibitin birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, likita Ignaz Semmelweis ya lura cewa mata sun fi mutuwa da zazzaɓin bayan haihuwa a ɗakin da likitoci da ɗalibansu ke karɓar haihuwa fiye da ɗakin ungozomomi. Likitocin daga ɗakin binciken gawa suke fitowa su duba masu naƙuda. Ya tilasta musu wanke hannu da ruwan kulorin. A watan Afrilu mata kusan 18 cikin 100 ne suka mutu. A watan Yuli ba su kai 2 ba. Bai ƙara gado ba, bai kawo sabon magani ba. Hannun da ido ke ganinsa fes ne yake kashe matan.

Safar hannu ba ta canja wannan ba. Safar da ke cikin kwali tsabtatacciya ce, amma ba dafaffiya ba ce, wato ba a kashe duk ƙwayoyin cutar da ke jikinta ba, kuma tana iya samun ƙananan hudojin da ido ba ya gani. Aikinta shi ne ta kare ki daga jini da mugunya. Idan kika sa ta tun farkon zagaye, kika taɓa gado na ɗaya, kika gyara ƙarin ruwan gado na biyu, kika ɗauki biro, to safar ta zama motar da ƙwayoyin cuta ke hawa daga gado zuwa gado, ke kuma hankalinki a kwance don ba ki ji komai a fatarki ba. Safa ɗaya, mara lafiya ɗaya, aiki ɗaya, kuma a tsabtace hannu kafin a sa da bayan an cire. Lokutan tsabtace hannu biyar da hukumar ta tsara a 2009 kin san su. Wanda ya fi shafar tambayarki shi ne na biyu, wato dab da za ki taɓa ciwo ko kanula ko roba. Dab da shi nake nufi, bayan kin gama jan labule da gyara filo da ɗaga zane, ba kafin nan ba.

Rashin ruwa a famfo ba ya hana wannan. Man goge hannu mai sinadarin alkohol, idan aka murza shi daƙiƙa 20 zuwa 30 har ya bushe, ya fi sabulu saurin kashe yawancin ƙwayoyin cuta. Sabulu da ruwa, daƙiƙa 40 zuwa 60, suna zama dole idan hannu ya ɓaci da jini ko ƙazantar da ake gani, ko bayan kula da mai gudawa, saboda akwai ƙwayoyin da ke shiga ɓawo, alkohol ba ya ratsa su. Bokiti mai famfo ya wadatar, ko wani ya zuba miki da buta. Abin da ban yarda da shi ba shi ne kwanon ruwa guda da kowa ke tsoma hannu, da tawul ɗin nan ɗaya da ke rataye tun safe. Ki cire zobe da agogo da awarwaro, ki yanke farce, ki naɗe hannun riga zuwa gwiwar hannu, ki cusa bakin hijabinki cikin riga don kada ya share kan tire idan kin sunkuya. Wayar da muke haska jijiya da ita idan an ɗauke wuta, ki miƙa wa mai jinya ya riƙe miki.

Yanzu maganar fakiti biyar da mutum talatin. Abu na farko, ba kowane ciwo ne ke buƙatar buɗewa kullum ba. Ɗinkin tiyata mai tsabta, busasshe, ana barinsa a rufe awa 24 zuwa 48 na farko, bayan nan ma ba a buɗe shi don al'ada kawai sai in ya jiƙe, ko ya saki, ko akwai zazzaɓi ko zafin da ke buƙatar a duba. Da wannan kaɗai lissafinki zai ragu sosai. Na biyu, ki jera aikin: masu tsabtataccen ciwo da farko, masu mugunya a ƙarshe. Kada ki yi wankin ciwo ana shara ko ana kakkaɓe gado, ki kashe fankar da ke saman gadon, lokacin hunturu kuma ki rufe tagar da ke kusa.

Ƙaramin ciwo ba ya buƙatar dafaffiyar safa in dai kina da dafaffen hantsaki. Ki cire tsohon bandeji da safar kwali, ki jefar da su tare, ki tsabtace hannu, ki sa sabuwa, sannan hantsaki ya yi sauran aikin, yatsa ba ya zuwa kusa da ciwo. Ki adana dafaffun safofin don robar fitsari da ciwo mai zurfi da dole sai hannu ya shiga. Wajen buɗe fakiti, ki duba ko ya yage ko ya jiƙe ko kwanansa ya wuce. Ki fara buɗe leɓen da ke nesa da ke, sai na gefe biyu, sai na kusa da ke a ƙarshe, don kada hannunki ya ƙetare saman kayan. Gefen ƙyallen, kimanin santimita biyu da rabi, a ɗauke shi gurɓatacce. Abin da ya sauka ƙasa da ƙugunki, ko kika juya wa baya, ya fita daga lissafi. Idan ruwa ya zuba ya jiƙa ƙyallen, to ƙwayoyin cutar da ke kan tire sun samu hanyar hawowa, sai a sake shimfiɗa. Wajen gogewa kuma, gozi ɗaya shafa ɗaya, daga kan ɗinki zuwa waje, ba a dawowa da shi. Kwalbar ruwan gishirin da kika buɗe ki rubuta mata rana da lokaci, bayan awa 24 ki zubar.

Abin da ba ya halatta ko ta wane hali shi ne hantsaki ɗaya ya yi wa mutum biyu aiki, ko da an goge shi da sifirit a tsakani. Idan fakiti ya ƙare, a wanke a sake dafawa, sauran ciwukan su jira zuwa la'asar. Jinkirin awa uku bai kai haɗarin ɗauko ƙwayar cutar gado na bakwai a dasa ta cikin ɗinkin gado na takwas ba.

Ki riƙa leƙa inda ake dafa kayan ma, domin da yawa a can matsalar take farawa. Ƙarfen da ba a wanke shi da burushi da sabulu ba, wanda busasshen jini ya maƙale a gaɓarsa, tururi ba zai kai ga abin da ke ƙarƙashin jinin ba. A buɗe bakin almakashi da hantsaki kafin a naɗe, kada a cusa tukunyar har tururi ya rasa hanya. Otokilef, wato tukunyar dafa kaya da tururi, yana buƙatar digiri 121 na tsawon minti 30 ga naɗaɗɗen kaya, ko digiri 134 na minti 3 zuwa 4 a injinan da aka ƙera don haka, kuma ana fara ƙirga lokaci ne bayan zafin ya kai, ba daga kunna wuta ba. Idan wuta ta ɗauke a tsakiya, daga farko za a sake. Fakitin da ya fito da danshi bai dahu ba a hukunce. Tef ɗin da ke canja launi yana shaida cewa fakitin ya shiga zafi, ba ya shaida cewa cikinsa ya dahu. Tafasawa a ruwa na minti 20 tana kashe yawancin ƙwayoyin cuta, amma masu ɓawo irin na sandarewar jiki suna iya tsira, don haka dabara ce ta lalura, ba madadin otokilef ba. Tulun da ake tsoma dogon hantsaki cikin ruwan magani kwana da kwanaki, da gwangwanin audugar da aka jiƙa da sifirit tun jiya, duka biyun sun kamata su bar ɗakunanmu: sifirit yana tashi ya bar ruwa, ruwan maganin da ya tsufa kuma akwai ƙwayoyin da ke rayuwa a cikinsa. A jiƙa auduga a lokacin da za a yi amfani da ita.

Allura ita ce inda tarihi ya fi yi mana gargaɗi, kuma a nahiyarmu. A 1976, a asibitin mishan na Yambuku da ke ƙasar Zayar, wato Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ta yau, sirinji biyar ake fitarwa da safe a yi wa ɗaruruwan mutane allura da su. Ta nan cutar Ebola ta bazu: mutum 318 suka kamu, 280 suka mutu, har da 11 daga cikin ma'aikatan asibitin 17. A 1989, a wasu asibitoci biyu na jihar Imo, zazzaɓin Lassa ya kama mutum 34, cikinsu akwai nas shida, 22 suka rasu, kuma binciken da aka yi ya danganta yaɗuwar da sake amfani da allura da sirinji. Na san za ki ce yanzu ba wanda ke yin haka. Amma abin yana dawowa ta wata ƙofa. Wadda ta canja allura ta bar sirinjin, ta sake zura shi cikin kwalbar magani, ta gurɓata kwalbar gaba ɗaya. Allurar da aka bari a soke a murfin kwalba don sauƙin zuƙa, hanya ce a buɗe. Ledar ruwan gishiri guda da aka rataye ana ɗiba daga cikinta ana wanke kanular kowa, idan ta gurɓace ɗakin duka ya samu rabonsa. Sabuwar allura da sabon sirinji duk lokacin da za a shiga kwalba, a goge murfin robar da sifirit a bari ya bushe, a rubuta ranar buɗewa.

Kanula da robar fitsari sun fi ciwon tiyata yaudara, don ba sa nuna komai sai zazzaɓi ya tashi, mu kuma mu ce maleriya ce. Ki goge fata ki jira ta bushe. Alkohol a lokacin bushewa yake aikinsa, aidin kuma yana son kamar minti biyu. Kada ki hura da baki, kada ki fifita. Bayan kin goge, kada ki sake lalubar jijiya da yatsa, wannan ita ce ɗabi'ar da ta fi yawa kuma ta fi wuyar bari. Kafin ki tura magani, ki murza bakin kanula da sifirit na daƙiƙa 15. Layin ƙarin ruwan da aka cire aka bar bakinsa yana lilo a jikin ƙarfe, ko aka kwantar da shi a kan gado, ba a mayar da shi. Robar fitsari kuwa, kowace rana da ta ƙara a jiki haɗarin shigar ƙwayoyin cuta cikin fitsari yana ƙaruwa da kashi 3 zuwa 7 cikin 100. Idan wajen sawa robar ta kauce ta shiga gaban mace, ki bar ta a nan ta zama alama, ki ɗauko sabuwa. Jakar fitsarin ta kasance ƙasa da mafitsara amma kada ta taɓa ƙasa, kada a raba ta da roba, kuma ki koya wa mai jinya kada ta ɗora ta kan gado idan za a juya mara lafiya. Tambayar da za ki riƙa yi wa likita a kowane zagaye ita ce: har yanzu ana buƙatar wannan robar? Cire ta da wuri ya fi duk wata kulawa.

Batun "kowa yana kan magani" shi ne ya fi damuna cikin wasiƙarki. Maganin rigakafin da ake bayarwa don tiyata, amfaninsa yana cikin bayar da shi kafin a yanka, cikin minti 120 da suka gabaci yankan, kuma hukumar ta ba da shawarar kada a ci gaba da shi bayan tiyata don rigakafi kawai. Ƙwayoyin cutar da ke zaune a asibiti su ne waɗanda suka riga suka saba da magungunan da muke bayarwa kullum. Idan muka sa su cikin ciwo, allurar da ke jikin matar ba lallai ta taɓa su ba, sai a koma neman mai tsadar da iyalinta ba za su iya saya ba.

Akwai wani nauyi da littafi bai faɗa ba. A yawancin asibitocinmu dangin mara lafiya ne ke sayen kanula da roba da safa. Idan robar ta goga a zanen gado, ke ce za ki fita ki dubi dattijon da ya ƙirgo kuɗinsa da ƙyar ki ce ya sake sayo wata. Kuma ba wanda ya ga ta goga sai ke. A nan aikin yake gwada mutum. Malamanmu na mazhabar Malikiyya suna karantar da cewa wanda ya tabbatar ya yi alwala, sannan ya shiga kokwanton ko ta karye, sake ta zai yi. Hukuncin dafaffen kaya ke nan: in kin yi shakka ko ya taɓa wani abu, ya taɓa. Ki gaya wa dattijon gaskiya, cewa kuɗin roba ɗaya bai kai kuɗin jinyar mako biyu ba. Yawancinsu suna fahimta idan aka yi musu bayani da mutunci. Ki kuma roƙi shugabar ɗaki a ware 'yan kayan ajiya don irin wannan rana.

Game da na gaba da ke, kada ki ɗauke su marasa kula. Shekaru suka yi suna aiki cikin rashi har wasu dabarun lalura suka zama musu al'ada. Kada ki gyara wa Sista a gaban mara lafiya ko ɗalibai. In kin ga safarta ta taɓa gado, ki buɗe sabuwa ki miƙa mata ki ce, "Sista, ga wata, kamar waccan ta taɓa zane." Ba kasafai ake ƙin karɓa ba. Kuma ki sani maganar ƙaramin ma'aikaci tana cikin maganin, ba rashin kunya ba ce. A jihar Mishigan ta Amurka, ɗakunan kulawa ta musamman 103 sun bi matakai biyar wajen sa robar babbar jijiya: wanke hannu, cikakkiyar shiga da rufe mara lafiya, goge fata da kulohekzidin (ruwan maganin kashe ƙwayoyin cuta), kauce wa matsematsi, da cire robar da ba a buƙata. An kuma ba da damar dakatar da mai sawa idan ya tsallake mataki, in ba gaggawa ake ciki ba. Sakamakon da aka buga a 2006 ya nuna cutar jini ta wannan hanya ta ragu da kusan kashi 66 cikin 100.

Abu biyu nake so ki fara da su a wannan watan. Ki je wurin mai harhaɗa magunguna ki tambaye shi ko za su iya haɗa man goge hannu a cikin gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa yadda ake yi: don samun lita 10, ana haɗa mililita 8,333 na etanol mai ƙarfin kashi 96, da 417 na haidurojin feroksaid mai kashi 3, da 145 na gilisarin mai kashi 98, a cika da ruwan da aka tace ta hanyar tururi ko tafasasshen da ya huce, a zuba a kwalabe a ajiye awa 72 kafin a fara amfani. Ya fi na kasuwa araha, kuma kowace nas za ta iya yawo da ƙaramar kwalba a aljihu.

Na biyu, ki nemi izinin shugabar ɗaki ki buɗe littafi. Duk wadda aka yi wa tiyata a rubuta ranar tiyata, ranar sa roba da ranar cirewa, da yanayin ciwo ranar sallama da ranar da ta dawo cire zare, domin da yawa sai an koma gida ciwon ke ruruwa. Ciwon da ya ruru cikin kwana 30 bayan tiyata, a kan tiyatar ake lissafa shi. Bayan wata uku ku zauna da kwamitin hana yaɗuwar cututtuka na asibitinku, in babu shi ku kai wa Metiron. Idan kuka ce fakiti ba ya isa, za a ce ko'ina haka ne. Idan kuka nuna cewa mata kaza cikin kaza sun dawo da mugunya, ga yawan kwanakin da suka ƙara a gado, to da wannan za ku nemi ƙarin hantsaki, da dafa kaya sau biyu a rana, da gyaran otokilef.